Da'irar Da Ke Juyawa

Shagona yana Tal'udu, bayan mai facin taya,
ƙofa ɗaya, benci ɗaya, da kwamfutar da na gada
ranar da maigidana Tasi'u ya koma sayar da siminti.

Ran Talata Uwani ta shigo
da hoton mahaifinta a naɗe cikin ledar burodi.
Ruwa ya taɓa shi daminar da rufinsu ya zuba,
ya cinye kunnen hagu, ya bar tabo a bakin hula.
Ta ce, jibi ne sadakar arba'in,
ka dawo min da fuskarsa.

Na ɗora hoton, na buɗe manhaja,
sai da'irar nan ta soma juyawa.
Ta juya.
Ta juya.
Fanka ta ɗau kuka kamar injin markaɗe ya ci tsakuwa.
Na ja layi a kan kumatun dattijo,
layin bai fito ba sai da shayina ya huce.
Kafin in adana aikin rabin yini
allo ya daskare, komai ya bi ruwa.

Da sassafe na rungume ta a Adaidaita
kamar mai kai maras lafiya Asibitin Murtala,
muka sauka Titin Beirut, wajen Sabitu.

Idona ya faɗa kan wani akwati mai fitilu bakwai,
ja da kore suna rawa ta cikin gilashi.
Sabitu bai ko ɗago ba, sukundireba a bakinsa.
Ya ce, kyan ɗan maciji ke nan, bar shi.
Ram ɗinka huɗu ne.
Tela ne kai da aka ba shadda yadi goma
ka yanka a kan murfin tukunya.
Ga sha shida, shimfiɗa aikinka ka wala.
Wannan tsohon faifan ajiyar kuwa rijiya ce gaba dubu,
duk abin da ka nema sai an zura guga.
Sa sabo wanda ba ya juyi, ka buɗe famfo.

Na ce, firosesa fa?
Ya hure ƙurar da ta toshe masa hanci,
ya shafa masa sabon mai, ya ce da sauran ƙarfinsa,
zafi ne ke sa shi ɗingishi.
Katin hoto kuma, jira sai aljihunka ya yi ƙiba.
Sai ya ƙwanƙwasa allona da farce.
Wannan ne maƙaryacin gidan.
Na yi dariya, don kuɗina sun ƙare.

Daren nan hannuna da layi suka tafi tare.
Shimfiɗa ashirin na jera, ko tari ba ta yi ba.
Na aro kunnen dama na gina na hagu,
na wanke hula zare bayan zare,
har na ga zanen tsufa uku a gefen idonsa
waɗanda jiya ban san da su ba.

Na kai aka wanko a Zoo Road, girman bango.
Uwani ta daɗe tana kallo.
Ta shafa kunnen, ba ta gane wanne ne nawa ba.
Sannan ta ce a hankali,
Baba bai taɓa sa koriyar riga ba.
Ruwan toka ce, ni na wanke ta ranar da aka ɗauka.

A allona toka ce.
A takarda ganye.

Na koma wajen Sabitu da la'asar sakaliya.
Bai ce na gaya maka ba,
ya dai janyo min kujera gaban nasa allon,
ya ci gaba da cin gurasarsa.

Yanzu hoton na jingine a falonsu a Gwammaja, da rigarsa ta toka.
Ni kuma a bayan littafin bashi na rubuta:
allo, ƙarshen wata,
in Allah ya kawo biki biyu.